Allon Da Aka Wanke Wa Ɗan Ma'u

Yaya Ummaru, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gafarce ni da na ɗora maka wannan karatu. Na san hidimar shago ta ishe ka, ga idonka ba ya son ƙananan rubutu, balle ajamina mai karkata. Da zan iya faɗa a waya da na faɗa, to bakina ba ya kai ni, kuma katangarmu ba ta riƙe magana. Waɗannan takardu na yago su ne daga littafin da nake rubuta abin da ya wuce a yini tun bayan rasuwar Malam maigidana. Ban gyara komai ba, har wuraren da na yi rashin ladabi. Magana ce a kan Salmatu, ɗiyarka da ka sa mini a hannu tun tana tatata. Ka daure ka kai ƙarshe. Ƙanwarka, Zuwaira.

Lahadi, bayan la'asar

Matan da ke karatu a wurina sun tashi da wuri saboda hadari. Salmatu tana zagaye tsakar gida da littafi, tana haddar Turanci, jarrabawar gama sakandare ta matso. Na kasa kunne, sai na ji duk kalmomin da abu ɗaya suke ƙarewa, les, les, les. Na ce, "Wannan wace irin sura ce, ƙarshenta duk ɗaya?" Na yi istigfari nan take, bai kamata in kwatanta ba.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Gwaggo, les ɗin nan rashi ne. Duk kalmar da aka liƙa wa shi a wutsiya, an raba ta da abinta. Yus amfani, yusles marar amfani."

Na ce wannan kam na san shi, kullum masu kaki na boda suna jifan 'yan dako da shi, ashe abin da suke nufi ke nan.

Ta ce ba ta da mai karɓar mata hadda. Na ce ga ni. Ta ce, "Gwaggo da Turanci?" Na ce kan da ya ɗauki Baƙara ba zai gaza wannan ba. Alfahari ne, Allah Ya yafe mini. Amma na ji daɗin dariyarta.

Litinin, hantsi

Ni abu ba ya zama a kaina daga takarda, sai daga allo. Haka aka koya mini. Amma ba zan sa Turanci inda aya ta taɓa zama ba, don haka na sayi sabon allo a kasuwa wurin wani mutumin Gangara, fari fes, ko ɗigon tawada bai taɓa gani ba. Salmatu tana faɗa ina rubutawa da ajami yadda kunnena ya ji. Ban sa bisimilla a kai ba.

Yusles, marar amfani. Keyales, marar kula. Fiyales, marar tsoro. Hamles, marar cutarwa. Fenles, marar ciwo. Helfles, marar mataimaki. Hofles, wanda aka yanke ƙauna da shi. Homles, marar gida. Madales, marar uwa. Laifles, marar rai. Cayildles, marar ɗa.

Da muka zo ta ƙarshen ta yi sauri ta wuce, ba ta dube ni ba. Yarinyar tana da hankali in ta so.

Na ajiye shi daban, kan akwatin Malam, nesa da allunan karatu da na rubutun sha. Na nuna mata wurin, na ce kada a haɗa.

Laraba, bayan azahar

Ma'u ta shigo, matar Arzika ɗan dako, masu katanga ɗaya da mu, mutanen Maraɗi. Tana goye da Dalhatu, ɗanta ɗaya tilo, bai daɗe da yaye ba. Jikinsa kamar an ciro shi daga murhu. Ta ce in yi masa rubutu.

Na ce, "Ma'u, fara kai shi asibiti. Rubutu ba ya hana allura."

Ta ce, "Malama, Arzika bai ɗauki ko buhu guda ba tun jiya, motoci na tsaye. Ki dai yi mana, mun fi yarda da hannunki."

Na gaya mata yanzu zan tsallaka boda zuwa Ɗan Isa ta'aziyyar Inna Fatu, mota na jirana, gobe da safe in na dawo zan rubuta masa. Na sake ce mata asibiti. Na faɗa sau biyu, wannan ina da tabbaci.

Asabar, magariba

Sai yau na dawo. An rufe boda ba a gaya wa kowa dalili ba, muka yi ta zaman jira a gidan makoki har aka ɗaga shinge.

Na tarar da tabarmi a ƙofar Arzika, maza zaune.

Na shiga. Ma'u ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Na gode, Malama. Kin tafi amma ba ki manta da mu ba. Salmatu ta ce kin bar mishi allo, ta wanke mana. Ya sha, na shafe shi da saura, na yi ta jiran sauƙi. Kwana ne ya ƙare."

Na ce Allah Ya sa mai ceto ne. Na ce Allah Ya ba da haƙuri. Na fito.

Allunan rubutun sha duk na bar su babu komai a kai, na sani. Sabon allon yana kan akwati inda na bar shi. Fari fes.

Lahadi, bayan asuba

Ban tambaya ba.

Lahadi, la'asar

Na tambayi Salmatu.

An ce mini Ma'u ta ƙi tafiya, ta zauna a bakin ɗaki tana kuka, ga karatu ana yi. An ce mini an duba sauran allunan ba rubutu. An ce mini, ai duk tawada ce da ruwa, Gwaggo, wanne ne ba wanne ba.

Na ɗaga hannu. Na sauke. Ban taɓa dukanta ba tun tana ƙarama, yau ma ban fara ba. Ta ci tuwonta, ni na kasa.

Tawadar ba ta kisa, gawayi ce da ƙaro. Wannan na sani. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne jiran da Ma'u ta yi.

Talata, hantsi

Ma'u ta zo bayan an watse daga sadaka. Ta zauna kan turmi. Ta ce, "Malama, wace sura ce? Ina so in riƙe ta. Ita ce ta ƙarshe da ta shiga cikinshi. Ki koya mini ko da kaɗan-kaɗan ne."

Da na ce Fatiha da ta tashi ta tafi da sanyin zuciya. Kalma ɗaya ce. Na ji ta a kan harshena. To ƙarya a kan Littafin Allah, ga uwa mai makoki, a gidan da nake koya wa mata cewa mala'iku na rubutawa? Na kasa.

Na ce, "Ma'u, ba Alƙur'ani ba ne."

Ta ce, "Addu'a ce?"

Na ce, "Turanci ne. Karatun makaranta."

Ta gyara zama a kan turmin. Sannan ta ce, "Karanta mini abin da ɗana ya sha."

Na karanta. Sun zauna a kaina daram, har da ɗan jan muryar da na haddace su da shi. Ba ta tambayi ma'ana ba, ni kuma ban faɗa ba. Na ga leɓenta yana motsi, tana kama abin da ta iya kamawa. Ta tashi ba sallama.

Laraba, bayan azahar

Ma'u ta kai wa Arzika abin da ta kama, shi kuma ya kai tasha. Akwai Shafi'u ɗan kamasho, wanda ya yi sakandare ya bari, shi ke yi wa direbobi tafinta da masu kaki. Shi ya fassara musu.

Sun zo ƙofar gida, shi da Arzika da 'yan dako. Na tsaya a zaure daga bayan labule.

Shafi'u ya ce, "Malama, ashe an ci gaba. Mu muna nan muna fama da guntun Turancin tasha, ke har kin buɗe jami'a. Laifles, ko? Jama'a, marar rai ke nan. Hofles, wanda ba ya tashi. Madales, a raba shi da uwa. Wannan aka jiƙa aka ba yaro."

Na ce a cikinsu akwai marar ciwo, akwai marar tsoro, akwai marar cutarwa.

Ya ce, "To ai ga shi can kwance, ba ciwo ba tsoro." Wasu suka yi dariya, sannan suka tuna Arzika na wurin.

Arzika bai yi dariya ba. Ya ce, "Akwai wata kuma. Faɗi ta ƙarshen, Shafi'u."

Shafi'u ya ce, "Wannan ai sunan mai allon ne, ta sa hannu a ƙasa."

Na saki labule.

Alhamis, hantsi

Mace ɗaya ce ta zo karatu, Habsatu, wadda ta fi kowa daɗewa a wurina. Na yi murna har na shimfiɗa mata buzun Malam. Ba ta buɗe jaka ba. Ta ce, "Malama, don Allah tambaya. Rubutun da kika ba ni bara, kafin cikin nan ya zube, da wane yare ne?"

Na ce Suratu Maryam ce, a gabanta na rubuta.

Ta ce, "Ai ni ban iya bambancewa ba, duk ƙugiya-ƙugiya ce." Ta ɗauki allonta da na ƙanwarta ta fita.

Shekara nawa ina koya mata.

Juma'a, bayan an sauko

Yaya Ummaru ya kira daga Katsina. Maganar ta riga ni isa, direbobi sun kai. Ya ce in gaskiya ne abin da yake ji, ba zai bar ɗiyarsa a gidan da ake asiri ba. Ɗiyarsa. Ni na cire mata haƙorin fari, ni na kwana da ita lokacin ƙyanda, ni na san ba ta iya barci sai ƙafarta na taɓa mutum. Na roƙe shi. Na ce ya bar mini ita, ba ni da kowa. Ya ce zai duba. Mutum ya ba ka abu sai ya riƙe igiyar a aljihu.

Allah Ya yafe mini, yayana ne.

Asabar, hantsi

Mai ruwa ya wuce da kurarsa, na kira ya yi kamar bai ji ba.

Lahadi, la'asar

Yaran unguwa sun mai da shi waƙa. Suna tafi a bakin zaure, yusles, yusles, Malama yusles. Da kyau suke faɗa, sun fi ni iya fitar da shi. Cikinsu akwai waɗanda ni na fara ɗora musu alifun.

Salmatu ta toshe kunne da yatsu tana karatu. Ta ce in je in kore su, suna hana ta fahimta.

Litinin, bayan asuba

Ma'u ta shigo ina lazimi. Ta zauna kan turmi. Ta ce, "Karanta mini." Na karanta. Ta tafi.

Talata, bayan asuba

Ta dawo. Na karanta.

Laraba, bayan asuba

Na tsallake ɗaya. Ta ce, "Kin bar marar rai." Yanzu ta san su da ma'anarsu, ta fi Salmatu riƙewa. Na koma daga farko.

Ni ma ina da abin faɗa. Sau biyu na ce mata asibiti. Asibitin ba a bayan duniya yake ba, da ƙafa ake zuwa. Uwa ta zauna tana kallon ɗa yana ƙonewa, tana jiran ƙoƙon ruwa ya yi mata aikin ƙafafunta, sannan ta zo ta zauna mini kan turmi kamar alƙali. Wawuya. Keyales, ga wadda ta dace da ita nan.

Laraba, bayan azahar

Na karanta abin da na rubuta da safe. Ban goge ba, don in riƙa ganin irin zuciyar da nake ɗauke da ita. Ni na koya wa matan unguwar nan su yarda da hannuna.

Juma'a, hantsi

Mai unguwa ya aiko. Gobe bayan la'asar a zaurensa, ni da Salmatu. Arzika ya so kai magana gaba, Liman ya ce a fara zama a gida.

Na ce da Salmatu, "Gobe za a tambaye ki." Ta ce ta sani. Na ce, "Me za ki ce?" Ta ce tana da lissafi ranar Litinin.

Na wanke mata hijabi, na goge.

Asabar, magariba

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Zaure ya cika, har ta taga ana leƙe. Mai unguwa a kan kujera, Liman a gefensa da Alƙur'ani cikin gafaka. Mu mata muna daga lungu. An sa ni na sake karanta kalmomin, Shafi'u yana fassarawa ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowace kamar mai tallan magani. Da ya zo kan masu kyau sai ya haɗiye su da sauri.

Liman ya ce, "Malama Zuwaira, Turanci a kan allo? Malam mijinki da yana raye zai yarda?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, sabon allo ne, aya ba ta taɓa hawa kansa ba."

Ya ce, "Mai ciwo ya san sabo da tsoho?"

 Gaskiya ya faɗa.

Mai unguwa ya ce abin da yake son sani ɗaya ne. Allon nan, an bar shi ne don a ba yaron, ko kuwa? Ya tambayi Ma'u. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinya ta ce mini Malama ta bar mishi." Ya juya ga Salmatu.

Ta miƙe. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ce, "Gwaggo ce ta nuna mini shi a kan akwati, ta ce in Ma'u ta zo in wanke mata. Ni ban iya karanta ajami ba, ban san abin da ke ciki ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Wata daga baya ta ce, "Allah sarki, har yarinyar ta sa a ciki."

Liman ya zare Alƙur'ani daga gafaka ya ce in yi alwala in dafa. In na rantse ban bar wa yaron allon ba, magana ta koma kan wanda ya wanke. In kuma na bar masa, in faɗa a gaban jama'a.

Na dubi 'yan dakon da ke tsaye a bakin ƙofa, majiya ƙarfi, da igiyoyin daurin kaya a kafaɗa. Na dubi Arzika. Na dubi hijabin da na goge jiya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba zan dafa ba."

Ya ce, "To kin bar masa ke nan?"

Na yi shiru.

Ya sake tambaya. Mai unguwa ya sake. Shafi'u ya ce, "A tambaye ta da Turanci, wataƙila Hausa ta gudu."

Hukunci: in rufe makaranta. Kada in ƙara yi wa kowa rubutu a garin nan. A kwashe alluna a kai masallaci. Arzika ya ce bai isa ba, aka riƙe shi. Da muka fito wani ya tofa yawu, ya sauka a gefen zanena. Mata suka ja Salmatu gefe suna shafa kanta, suna cewa sannu, sannu 'yar nan, Allah Ya raba ki da wannan gida.

Ban yi ƙarya ba. Na duba duk abin da na faɗa, ban yi ba.

Lahadi, hantsi

Sun zo sun kwashe alluna, har da na Malam mai tsaguwa a kafaɗa. Sabon suka bari. Ladan ya ce wannan ba ya shiga masallaci.

Lahadi, bayan la'asar

Ina tankaɗe Salmatu ta zo ta tsaya a kaina. Na ɗauka wani abu za ta ce. Ta ce, "Gwaggo, ki daina kallona haka. Ai ke kika rubuta. Wa ya ce ki sa Turanci a allo? Kowa da takarda yake karatu."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Kuma ke babba ce, ba abin da za su yi miki. Ni da sun kashe ni."

Na ce haka ne.

Da ta shiga ɗaki na ji tana shessheka. Ban bi ta ba. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, na sake zuba shi a rariya.

Talata, azahar

Na je ɗebo ruwa da kaina. Matan da ke famfo suka janye bokitansu, suka ba ni wuri ni kaɗai. Ban taɓa samun layi da sauri haka ba.

Alhamis, la'asar

Yau su Salmatu suka yi jarrabawar Turanci. Ta dawo da fara'a, ta ce da sauƙi. Na tambaye ta ko kalmomin namu sun fito. Ta ce ko ɗaya.

Juma'a, bayan asuba

Ma'u ba ta zo ba tun ranar zaure. Ina jin motsinta ta katanga, tana daka, tana shara. Ba ta kuka. Na fi son lokacin da take zuwa.

Litinin, hantsi

Ma'u ta zo, bayan Salmatu ta fita makaranta. Ba ta zauna kan turmi ba, ta zauna kusa da ni a tabarma kamar da. Na gyara murya zan fara karantawa, ta ce, "Bari, Malama. Na iya."

Ta ce, "Na yi ta tunani. Ke da kinka kasa ce mini Fatiha don in samu barci, ke ce za ki ƙi dafa Alƙur'ani? In da ke kinka bar allon, da kin ce ni ce, ko za a yanka ki. In ba ke ba ce, da kin rantse. Ba ki yi ko ɗaya ba. Mutum guda ne za ki yi wa wannan shirun."

Na ce, "Ma'u."

Ta ce, "Yarinyar ta san mi ke ciki?"

Na yi shiru.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ranar ina kuka a bakin ɗakin can, ta ce mini, Ma'u ki rage murya ina karatu. Na ba ta haƙuri. Ni na ba ta haƙuri, Malama."

Na ce yarinya ce. Na ce ba ta yi nufin cuta ba. Na ce ta ɗora mini, ai an riga an ɗora.

Ta ce, "Arzika bai sani ba. In ya sani, tasha ta sani, ke kuma kin san 'yan tasha. Ba ni son a taɓa ta, jini ba ya maido mini Dalhatu. Amma kullum da safe tana wucewa ta ƙofata da fararen kaya, tana gaishe ni. Ina kwana Ma'u, ya haƙuri. Ba ni iyawa. Daga nan zuwa Juma'a kada in ƙara ganinta a unguwar nan. Ba hutu ba, ba ziyara ba, ba sallah ba. In na gan ta bayan Juma'a, bakina zai buɗe."

Na ce saura mata takarda biyu a jarrabawa, sai mako mai zuwa. Na kama ƙafarta. Ban taɓa kama ƙafar mutum ba. Na ce ta bar ta ta gama, shekarunta na karatu duk suna kan wannan.

Ta zare ƙafar a hankali. Ta ce, "Nawa bai kai lakwal ba, ko ƙofar makaranta bai taka ba."

A bakin zaure ta juyo ta ce, "Ke ki zauna, Malama. Ke ba ki yi mini komai ba. Mu zauna ni da ke, katanga ɗaya."

Litinin, magariba

Na dafa wa Salmatu shinkafa da wake, ta ce yau wace rana ce. Na ce ba komai.

Talata, bayan asuba

Yaya, daga nan da kai nake magana.

Ranar da ka kira na roƙe ka ka bar mini ita. Na janye. Ka zo ka ɗauke ta kafin Juma'a, kai da kanka, kada ka aiko direba, kada ka tsaya gaisawa a tasha. Ka shigo da hantsi lokacin da maza ke boda.

Ka ce mata kai ne ka matsa, saboda abin da ka ji a kaina. Za ta yarda, kowa ya yarda. Kada ta san ni na nema. Kada ka tambaye ta komai a kan allon, kada ka dake ta, kada ka ba uwarta wannan ta karanta. In ka gama ka ƙone.

Takardun jarrabawar nan biyu da suka rage, ka ga shugaban makarantarsu ko za a yarda ka kawo ta da mota ta rubuta ku juya, ba tare da ta shigo unguwa ba. Makarantar tana bakin titi, ba sai an bi ta wajenmu ba. Ni ba zan je ba.

Kayanta na haɗa su cikin akwatin Malam, na ce mata ina gyaran ɗaki ne. Maganin ƙirjinta yana aljihun gefe, damina na tayar mata da shi. A sa ta ɗaki ɗaya da ƙannenta, ba ta saba kwana ita kaɗai ba.

Mai kawo maka wannan zai juyo gobe da yamma. Don Allah ka ba shi amsa, ko ka kira ni ka ce mini ranar kawai, zan gane. Ka amsa mini da wuri, Yaya.